Daga Amshi Zuwa Karatu: Yadda Ake Koya wa Ɗan Firamare Karatu, Aji Bayan Aji

Shekarar da na fara riƙe aji uku akwai wata yarinya da nake ji da ita. Da na ce a buɗe littafi, ita ce ke fara ɗaga murya, ta zuba karatu tiryan-tiryan ba gargada. Rannan mai duba makarantu ya zo, na tsayar da ita don in burge shi. Ta karanta shafin tas. Sai mutumin ya karɓi alli ya rubuta kalma ɗaya a allo, "tabarma", ya ce, "'Yata, mene ne wannan?" Ta dubi allo, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Kalmar kuwa tana cikin shafin da ta gama zubawa yanzun nan. Ashe kunnenta ne ya kwashe daga bakina, idonta bai taɓa shiga aikin ba. Kuma ni na koya mata haka.

Malam ya faɗa, aji ya amsa, wanda ke wucewa ta bayan taga ya ce lallai ana karatu a makarantar nan. Amshi ne. A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Da aka fara gwada yara ɗaya bayan ɗaya da Hausa a Bauchi da Sakkwato a 2011, da gwajin nan da ake kira EGRA, an tarar da yawancin 'yan aji uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin da aka ajiye a gabansu. Matakan da ke ƙasa na malam ko malama ne mai aji cike da yara da alli guntu, haka kuma na uban da ke son sanin ko kuɗin makaranta na haihuwa.

Mataki na farko: gano inda kowa ya tsaya

Kada ka fara da manhaja, fara da yaran. Samu takarda ɗaya ka rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe: haruffa 10 a hargitse, kalmomi 10 masu sauƙi, jimla huɗu gajeru, sai labari mai kalma kamar 60 da tambaya uku. Sharaɗi ɗaya: kada ko layi guda ya fito daga littafin aji, don ka rufe wa hadda ƙofa.

Ka riƙa kiransu ɗaya-ɗaya, a gindin bishiya ko a baranda, sauran na kwafar aiki. Fara da jimlolin. Wanda ya iya, hau da shi kan labari. Wanda ya kasa, sauko da shi kan kalmomi, in ya sake kasawa, haruffa. Za ka fita da rukuni biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai jimla, mai labari. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan gwaji tun 2005, kuma a kansa aka gina tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, ba daidai ajinsa ba. Yaro ɗaya minti uku ya ishe shi. In kana da 70, awa uku da rabi ke nan, ka raba ta cikin mako guda. Rubuta sakamakon a gefen sunan kowa. Ranar da na fara yin haka ban ci abincin rana da daɗi ba, amma daga ranar na san aikina.

Mataki na biyu: kunne kafin ido

Yaro yana magana tun yana shekara biyu, amma bai san cewa kalma tana ɓarewa kamar gyaɗa ba. Wannan shi ne abin da za ka fara nuna masa, ba takarda ba alli. A tafa wa kowace gaɓa: ka-za tafi biyu, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. A bi sunayen 'yan aji ana tafawa, don ba abin da yaro ke so kamar a ambaci sunansa. Daga nan ka ce, "Wane ne sunansa ya fara kamar masara?" Ko ka ja kalma a rarrabe, "tu... lu", su haɗa su ce tulu. Ko ka ce, "Cire ka daga katako, me ya rage?"

Yaran da ke zaurance a unguwa don su ɓoye wa manya magana sun riga sun gwanance da wannan, gaɓoɓi suke cusawa suna cirewa. Ka ba su fili su yi a aji. Haka wasan karya harshe na ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto: dariya ce a wurinsu, a wurinka kuwa horon kunne ne kan bambancin k da ƙ. Minti biyar kullum ya wadatar.

Mataki na uku: sautin harafi, ba sunansa na Turanci ba

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe. Yaro ya zo daga nazare ya haddace waƙar "ei, bi, si, di", iyaye na ta murna. Ka rubuta masa ka, sai ya ce "ke, ei", ya tsaya, domin "ke" da "ei" ba za su taɓa haɗuwa su ba da ka ba. Wasulan ma sun fi rikitarwa: a Turanci sunan e shi ne "i", sunan i shi ne "ai", sunan u "yu". Harafin c kuma ana kiransa "si", alhali a Hausa shi ne farkon ci da cokali da ciki. Ka ga an ba yaro makullin wani gida an ce ya buɗe nasu.

Rubutun Hausa na boko kuwa mai gaskiya ne. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, kuma abin da ka rubuta shi za ka furta. Wasula biyar, sai tagwayen ai da au. Gata ne babba, kada mu zubar da shi.

Kada ka bi jerin a, b, c. Fara da haruffan da suka fi yawan fitowa, waɗanda za su ba ka kalma nan take. Ni da a, n, k, m nake farawa, sannan i, t, s, u, sannan d, r, y, w. Da haruffa huɗun farko kaɗai kana da nama, kama, kaka, mama, nan, mana, makama. Kafin ƙarshen mako na uku yaro zai karanta jimla ta gaske da idonsa: "Kaka na nan." "Mama na kan..." to, sai an jira t da b da r kafin a kai ga tabarma. Harafi biyu a mako ya isa, ranar Juma'a kuma bita.

Kowane sabon harafi a bi shi ta hawa uku: in yi, mu yi, ku yi. Ka rubuta, ka nuna da sanda, ka furta kai kaɗai suna kallon bakinka. Ku furta tare. Sannan su yi, kai ka yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wa malami wuya, kuma in bakinka bai rufe ba, amshi za a koma. A hawa na uku kada ka tsaya ga "duk aji": layi-layi, benci-benci, sannan ka nuna mutum ɗaya, musamman na can baya da ke ɓuya a cikin muryar jama'a. Su rubuta harafin a iska, a bayan abokin zama, a ƙasa da tsinke, kafin littafi.

B da d kada su haɗu a mako ɗaya, har ma a wata ɗaya in da hali. Yaro mai shekara shida ya saba kofi kofi ne ko hannunsa na dama ko na hagu, yanzu ne karo na farko da juya abu ke sauya sunansa.

Mataki na huɗu: haɗa baƙi da wasali

Malaman makarantar allo sun riga mu sanin wannan hanya: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa. Yawancin yaranka suna zuwa can da safe ko da yamma, don haka ka ce musu, "Kamar yadda wasali ke motsa baƙi a allo, haka a nan, sai dai a nan gefensa yake tsayawa." Za ka ga idanu sun buɗe.

Zana akwati a allo, baƙaƙe a tsaye, wasula a kwance, a cike shi da gaɓoɓi. Amma ka kiyayi "na, ne, ni, no, nu" a jere kullum, kwana biyu za ta zama waƙa. Tsallaka da sandarka: nu, ka, mi, na, ku. Wanda ya iya a hargitse shi ne ya iya.

Kayan aiki ba sai an jira daga ofis ba. Sa yara su tsinto marafen kwalba, ka rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne. Kowane benci a zuba masa guda goma. Ka ce, "A gina mini kalma." Na taɓa tsayawa kan wani yaro da ya jera ma da ta, ya ce mata, sai ya juya su ya ce tama, ya ɗago ya tambaye ni ko akwai irin wannan kalma. Na ce akwai, dutsen da maƙera na da suke narkawa su fitar da ƙarfe. Bai sake barin marafen nan ba har aka tashi.

Bayan gaɓar baƙi da wasali ta zauna, kawo mai rufi: kan-ti, gir-ma, tam-ba-ya, fen-sir. Sai baƙi mai nanatuwa, wanda manya ma ke tuntuɓe da shi: mana da manna, kala da kalla.

Mataki na biyar: masu ƙugiya, tagwaye, da abin da rubutu bai nuna ba

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ ba ado ba ne. Koyar da kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa, bayan ɗan'uwansa marar ƙugiya ya zauna daram. Yi amfani da kalmomi biyu-biyu: kura da ƙura, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Rubuta "Kura ta shiga ido" a allo ka bar su su yi dariya, su gyara maka. Akwai kuma 'y na 'ya'ya, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ. Kai ma ka kula da hannunka: in kana saurin rubutu kana yar da ƙugiya kamar yadda ake yi a waya, haka za su taso.

Sai tagwaye, haruffa biyu sauti ɗaya: sh, ts, kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy, fy. Saka da tsaka, kwano, gwanda, ƙwai, kyanwa, gyaɗa, ƙyalle. Rubuta su a kati ɗaya, kada yaro ya raba su.

Abu ɗaya ne rubutunmu ya ɓoye: ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka gado na kwanciya da na magada, kuka na ido da kukar miya. Kada ka cika ɗan aji biyu da bayanin nahawu. Ba shi jimla biyu, "Inna ta tankaɗe gari", "Baba ya shiga gari", ka tambaye shi yadda ya gane. Zai ce daga sauran maganar. A nan ya fara sanin cewa mai karatu yana tunani ne, ba furuci kawai ba.

Mataki na shida: sauri

Yaron da ke jan "ma... ka... ran... ta" kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Helen Abadzi, masaniyar da ta daɗe tana aiki da Bankin Duniya, ta yi ta nanata cewa sai yaro na karanta kalma 45 zuwa 60 a minti sannan ƙwaƙwalwarsa ke iya riƙe jimla har ta ba da ma'ana. Maganin jan ƙafa maimaici ne, amma na ido: labari ɗaya gajere a karanta shi sau uku ko huɗu cikin mako, yatsa a ƙarƙashin kalma, biyu-biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na bi. Ranar Juma'a a kawo sabon labari mai irin kalmomin, don a gane wanda ya haddace.

Sau ɗaya a wata ka auna. Agogon wayarka, minti ɗaya, labarin da bai taɓa gani ba. In ya maƙale daƙiƙa uku, faɗa masa kalmar, ka sa mata alama, ya wuce. Ƙirga waɗanda ya faɗa daidai, sannan ka yi masa tambayoyi. Hausa cike take da gajerun kalmomi irin na, ta, ya, da, saboda haka lamba kaɗai tana iya ruɗinka. Mai gudu da bai san abin da ya karanta ba, aku ne.

Mataki na bakwai: fahimta, tun daga ranar farko

Na sa ta a ƙarshe ne a rubuce kawai. Tun kafin yaro ya san harafi ɗaya, ka riƙa karanta masa labari kullum. "Ga ta nan, ga ta nanku," su ce, "Ta zo mu ji ta." Tsaya a tsakiya ka ce, "Me kuke jin Gizo zai yi yanzu?" Zaɓi kalma biyu da ba su sani ba, ka bayyana, su sa su a jimla. Tambayoyi iri biyu ne: wadda amsarta ke kwance a cikin labari, wa ya tafi kasuwa, da wadda sai an yi tunani, me ya sa Ƙoƙi ta yi shiru. Ta biyun ce muka fi sakaci da ita, ita ce kuwa ke jiran yaro a jarrabawar gaba da rayuwa.

Darasin minti 40 a aji ɗaya da biyu haka nake raba shi: minti 5 wasan kunne, 10 sabon harafi da bitar na jiya, 10 gina kalma da karanta jimla, 10 labari da tambayoyi, 5 shifta. Kada ka bar shifta ta faɗi don lokaci ya ƙure. Kalma uku kacal, su ɗaga littafi sama, ka zagaya da ido, ka san wanda ya samu kafin a kaɗa ƙararrawa.

Inda ya kamata kowane aji ya kai

Waɗannan awo nawa ne na aiki, ba dokar hukuma ba.

Aji ɗaya: ya san sautin dukkan haruffa manya da ƙanana, ya karanta gaɓa a hargitse da kalma mai gaɓa biyu ko uku da bai taɓa gani ba, ya rubuta sunansa, ya karanta jimla gajera, ya maimaita labarin da aka karanta masa daga farko zuwa ƙarshe.

Aji biyu: masu ƙugiya da tagwaye sun zauna, yana tsayawa a aya, yana ɗaga murya a alamar tambaya, yana karanta kalma 25 zuwa 30 a minti, yana rubuta jimla biyu ko uku da kansa.

Aji uku shi ne mararraba. Kalma 45 ko fiye a minti, amsa huɗu daidai cikin tambaya biyar, karatu a zuci ba motsa leɓe, da ɗan labari na layi biyar daga kansa. Daga aji huɗu littattafan kimiyya da na zamantakewa ba sa jiran kowa. Wanda ya haye bai iya ba, a duk darussa zai riƙa faɗuwa, a ce ba shi da kai.

Aji huɗu zuwa shida: ya taƙaita shafi cikin jimla uku, ya gano ma'anar baƙuwar kalma daga maƙwabtanta ko ƙamus, ya bi umarnin da ke jikin kwalin magani, ya rubuta wasiƙa, ya bambanta "za ta zo" da "ta zata", "ba ta nan" da "ɓata". A aji shida nakan kawo saƙon da ke yawo a WhatsApp mu karanta tare: wa ya rubuta, ina ya ji, wanne ne labari wanne ne ra'ayinsa.

Turanci fa?

Iyaye za su zo da wannan tambaya, kuma suna da gaskiya, da Turanci ake jarrabawa. Tsarin ilimi na Najeriya na 1977 ya tanadi a fara da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko na firamare, kuma tun lokacin ake ja-in-ja a kai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida cur, Turanci na matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Dalilin a fili yake: sau ɗaya ake koyon karatu. Wanda ya gane cewa harafi sauti ne da harshen da yake mafarki da shi, zai ɗauki dabarar ya kai ta ko'ina.

Fara Turanci da baki tun aji ɗaya, gaisuwa, waƙa, sunayen kayan aji. Karatunsa kuwa sai Hausa ta kama, wajen ƙarshen aji biyu. Fara da baƙaƙen da sautinsu ya yi daidai da namu, m, n, s, b, d, sannan p da v da ba mu da su, sannan wasula. A Turanci haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti kusan 44. Haka lamarin yake ga Faransanci a Nijar.

Wanda ya maƙale

Kafin ka ce yaro daƙiƙi ne, dawo da shi bencin gaba, ka ga ko yana ƙanƙance ido. Yi masa magana daga bayansa a hankali, ka ga ko ya juyo. Duba rajista: ranar kasuwa yana zuwa? Lokacin girbi fa? Talla take yi kafin ta iso? Ajiye bulala a darasin karatu. Yaron da ke tsoron kuskure ba ya gwada sabuwar kalma, ya gwammace ya jira ya ji daga bakin wani, ka ga mun koma gidan jiya.

Ware minti 15 kullum ga rukunin ƙasa, ko 'yan aji biyar ne a koma da su kan a, n, k, m, ba tare da an yi musu dariya ba. Manyan yara sukan kamo cikin makonni. A gida kuma ba sai uwa ta yi boko ba. Ta ce, "Zo karanta mini ina tsintar shinkafa," in ya gama ta tambaye shi, "To, sai me ya faru?"

Maimaita gwajin farko a ƙarshen kowane zango, ka cike gefen sunan kowa: rukuninsa, kalma nawa a minti, haruffan da ke ba shi wuya. In shekara ta ƙare, miƙa wa malamin aji na gaba takardar hannu da hannu. Kada ka bar ta a kabad ɗin ofis, gara za ta riga shi karantawa.